Fatsa a bakin teku cikin hunturu: ku tambaya mu amsa

Jama'a barkanku da war haka. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk bakinsu ɗaya, sanyi ya shigo kifi ya daina ci, to me ake ciki. Na tsinto waɗanda nake ganin zasu amfani kowa, sauran kuma ku yi haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni sabon shiga ne a harkar fatsa, lokacin zafi na fara kuma wallahi ina samu ba laifi, amma tunda hunturu ya kama sau biyar kenan ina zuwa bakin teku ko taɓi ban samu ba, sai dai in sha sanyi in dawo da mura. Wai kifin guduwa yake yi ne ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗan uwa duka biyun ne, kada ka ji haushi. Wasu kifayen da gaske tafiya suke, kamar makarel wanda kake cika bokiti da shi lokacin zafi, da ruwa ya yi sanyi sai ya ja can nesa cikin zurfi, ba zaka sake ganinsa a bakin gaɓa ba sai shekara ta juyo. Amma teku bata zama wayam, wasu ke fita wasu ke shigowa. A tekun arewacin Turai hunturu shine lokacin kifin kod da wayitin da su fulanda, wato faffaɗan kifin nan mai kwanciya a ƙasa da idanunsa biyu a gefe guda, a gaɓar Kalifoniya kuma lokacin ne kifin safpac ke matsowa har inda taguwar ruwa ke fashewa, a Fulorida masu fatsa jiran sanyin ma suke saboda kifin fomfano. Kaga kenan abu na farko ka tambayi tsofaffin hannu na wurin da kake wane kifi ne ke nan a wannan wata, don in kana ɗana tarkon wanda ya riga ya yi ƙaura ai aikin baban giwa kake.

Na biyu, kifi jikinsa baya riƙe ɗumi irin namu, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. In ruwa ya yi sanyi komai nasa sai ya yi sanyi, narkar da abinci, motsi, har kwaɗayin ma, abin da zai ci kullum da zafi yanzu sai ya kai shi kwanaki, kuma ba zai ɓata ƙarfinsa yana bin abu da gudu ba. Saboda haka rage girman ƙugiya, rage girman abin da ka ɗana, ka zaɓi mai ƙarni sosai, tsutsar yashi ko sikwid, wato halittar tekun nan mai laushin jiki da hannaye da yawa, ko yankan makarel ko jatan lande, ka jefa ka bar shi ya zauna a ƙasa ƙamshin ya yi maka aiki. In ya yi minti 15 zuwa 20 ruwa ya wanke shi ka janyo ka sa sabo ko da kuwa ba abin da ya taɓa shi, mutane da yawa nan suke faɗuwa, sanyi ya sa sun ƙi fito da hannu daga aljihu sai su bar lamin abu awa guda a ruwa suna cewa ba kifi. Kod ne kawai zan cire daga wannan magana ta ƙaramin ɗani, shi bakinsa kamar bokiti yake, tara masa tsutsa da sikwid ka ɗaure da zaren roba.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, teku tana jinkirin yin sanyi tana kuma jinkirin yin ɗumi. A ƙasashen arewa ruwan yafi sanyi wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, ba Disamba ba, shi yasa Nuwamba da Disamba ake samu sosai duk da iska na yanka kunne, sai kuma ƙarshen hunturu lokacin da kake ganin gari ya fara sakewa shine abin yafi tsauri, ga shi a lokacin wasu kifayen sun fita nesa yin ƙwai. In kana kudancin duniya irin su Ostareliya ko Afirka ta Kudu sai ka juya lissafin, hunturunsu Yuni zuwa Agusta ne.

Tambaya: Baba don Allah wanne yafi a wannan lokaci, tsayawa kan yashi ko hawa gadar nan da ake ginawa ta miƙe cikin teku? Ni hannuna bai iya jifa mai nisa ba.

Amsa: Yaro hau gada. Amfanin gadar kenan ai, ta riga ta kai ka inda ruwa ke da zurfi ba sai ka wahalar da kafaɗa ba, kuma ruwa mai zurfi baya saurin canza yanayi kamar na bakin gaɓa, kifi yafi samun natsuwa a ciki in an yi dare mai tsananin sanyi. Akwai gadar Sawsen a Ingila da tsawonta ya haura kilomita 2, har ɗan jirgin ƙasa ke kai mutane ƙarshenta, akwai kuma ta Sikaiwe a Fulorida wadda asalinta gadar mota ce, jirgin ruwa ya buge ta a 1980 wani ɓangare ya rufta, daga baya aka mayar da ragowar wurin fatsa.

Amma abin da ke bani dariya kullum, mutum zai taka har ƙarshen gada sannan ya tattara ƙarfinsa ya wulla darma, wato ɗan nauyin da ake ɗaurawa a zare don ya kai ƙugiya ƙasa, iya nisan da zai iya, alhali kifin yana nan ƙarƙashin takalminsa. Ginshiƙan gada gari ne guda, ciyawar ruwa ta manne, ƙananan halittun ruwa masu ɓawo sun manne, ƙaguwa na yawo, ƙananan kifi na fakewa daga ƙarfin ruwa, manya kuma na zuwa cin su. A kudu maso gabashin Amurka akwai kifin da suke kira shifshed, haƙoransa kamar na ɗan adam, aikinsa kenan gwaguyar abin da ya manne a ginshiƙi, kuma da sanyi ake kama shi, in baka sauke ƙugiyarka dab da ginshiƙin ba ba zaka ganshi ba. To fara da saukewa tsaye kusa da ƙafar gada kafin ka yi tunanin jifa.

Abu ɗaya kada ka manta, ragar saukewa, wato zagayayyar raga mai doguwar igiya da ake zurawa ƙasa a ɗauko kifi. Ni na koyi wannan da tsada. Wata shekara cikin dare na kamo kod wanda har yau ban sake riƙe irinsa ba, na jawo shi har saman ruwa ina haska shi da tocilan goshi, farin tumbinsa na juyawa, sai na ce bari in ɗago shi da zare kawai tunda ragar na baro ta a mota don ƙyuya, ya taso kamar mita biyu daga ruwa ya yi girgiza ɗaya, ƙugiya ta yage leɓen, na ji faɗuwarsa tsundum. Wani dattijo da ke gefena bai ce komai ba sai ya miƙo min shayi.

In kuma wata rana ka so gwada yashi, kada ka je da sanda tukuna. Je ka lokacin da ruwa ya janye sosai ka zagaya da ido, zaka ga wurin ba shimfiɗe yake ba, akwai kwari akwai tudun yashi akwai ɗan rami inda ruwa ya kwanta, akwai inda tsutsa ta yi tulin kashinta kamar taliya. Waɗannan kwaruruka sune hanyar kifi in ruwa ya dawo, kuma sau da yawa basu fi taku 30 ko 40 daga inda zaka tsaya ba. Ka ɗau hoto da waya ka riƙe alama da wani dutse ko gini. Amma ka sani guguwa ɗaya ta hunturu na iya sauya fasalin wurin gaba ɗaya, sai ka sake dubawa.

Tambaya: Malam kullum sai in ji ana cewa a duba jadawalin ruwa. Na buɗe shi a waya lambobi ne kawai ban gane komai ba.

Amsa: To matso kusa, don wannan ita ce uwar harkar, wanda ya gane ta yafi mai sanda ta alfarma. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cikowa sau biyu ta janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25 kenan, shi yasa in yau ta cika ƙarfe 6 na yamma gobe sai wajen 7 saura minti 10, kullum tana ƙara jinkiri. Akwai wurare kaɗan kamar wasu sassan tekun Mekziko da sau ɗaya take yi a rana, akwai kuma irin Bahar Rum da abin bai taka kara ya karya ba. Wata ne ke janta, rana na taimakawa. In wata ya tsaya sabo da kuma daren sha huɗu, su biyun sun yi layi ɗaya da duniya, sai ruwa ya cika fiye da kima ya kuma janye fiye da kima, yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan nan ne yafi ƙarfi. In wata na rabi kuma sai abin ya yi laushi. Lambobin da ka gani lokaci ne da tsayin ruwa a mita, babba cikowa ƙarami janyewa, shikenan.

Me ya haɗa wannan da kifi? Kifi motsin ruwa yake bi, ruwa in yana tafiya yana tono abinci yana kai ƙamshi, in ya tsaya cak a ƙololuwar cika ko ƙarshen janyewa sau da yawa sai cin ya ɗauke kamar an kashe fitila. A wurare da dama awa biyu zuwa uku kafin cika da awa ɗaya bayanta sune na zinariya, amma ba doka bace, na san gaɓar da sai ruwa ya janye take bayarwa, saboda haka ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar, lokacin ruwa, inda iska ke fitowa da abin da ka kama, bayan hunturu biyu littafin nan zai fi ni amfani a wurinka.

In ka samu cikowar ruwa ta haɗu da faɗuwar rana to kada ka bari ta wuce ka, da duhu kifi yafi sakin jiki ya matso bakin gaɓa, kuma hunturu dare ne mai tsawo ba sai ka raba dare ba. Haka kwana ɗaya ko biyu bayan iska mai ƙarfi da ta buso daga teku, lokacin da taguwa ta fara lafawa amma ruwan na nan gurɓace kamar kunu, ta tono tsutsa da masu ɓawo ta watsar a gaɓa, kod na son wannan ba kaɗan ba. Ruwa garau da rana tsaka ba iska yana da daɗin kallo amma a yashi yawanci hoto kawai zaka ɗauka. Sai dai a wurare masu ɗan ɗumi inda ake fatsa a ruwa mara zurfi mai baƙin laka, can da rana ta ɗumama lakar bayan azahar kifi kan taru, wannan kuma daban.

Tambaya: Malam ina wuni. Maigidana ya ɗauko wannan abu na fita fatsa da daddare cikin sanyin nan shi kaɗai, in na yi magana ya ce ai ya iya ruwa. Ni dai hankalina baya kwanciya. Me zan ce masa?

Amsa: Hajiya gaskiyarki, kuma ki bashi wannan shafi ya karanta da kansa. Iya ruwa ba shine maganar ba. Ruwan da bai kai digiri 15 na ma'aunin Selshiyas ba in mutum ya faɗa ciki ba shiri, jiki da kansa yake jan numfashi da ƙarfi ba tare da izininsa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci ruwan zai shaƙa, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙi tsayuwa, gwanin ninƙaya ma haka zai yi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Masana abin suna koyar da lissafin 1, 10, 1, wato minti 1 na farko ka yi ta kanka da numfashi kawai kada ka yi kokawa da ruwa, ka kwanta rigingine ka buɗe hannu da ƙafa har numfashin ya daidaita, sannan kana da kamar minti 10 da hannu da ƙafa zasu yi maka biyayya kafin su sandare, sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali, wannan ma in akwai abin da ke riƙe da kai a saman ruwa. Nan rigar ceto ta shigo. Akwai ta zamani siririya da bata hana jifa, da ta taɓa ruwa take kumbura da kanta. In zai sayi abu ɗaya a bana to ita ce, ba sabuwar sanda ba.

Sai maganar cikowar ruwa. Ba daidai take tafiya ba, awa ta farko a hankali, ta biyu ta ƙara, a awa ta uku da ta huɗu kaɗai rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa. In wurin bambancin cika da janyewa mita 6 ne, to a cikin awa guda ruwa zai iya tashi mita ɗaya da rabi, kuma a shimfiɗaɗɗen yashi ba ta gabanka yake zuwa ba, kwarin da ke bayanka yake fara cikawa kana can kana kallon bakin sanda. A Fabrairun 2004 a gaɓar Mokam ta Ingila sama da mutum 20 'yan ƙasar Sin masu tonon abin ɓawo a yashi suka halaka cikin dare ta wannan hanya, ruwa ya zagaye su. Don haka ya san lokacin ruwa kafin ya fita, ya riƙa waiwaye, kuma kada ya juya wa teku baya in yana kan duwatsu, cikin taguwa da yawa sai ɗaya ta zo da ta fi sauran. Ranar da aka yi gargaɗin guguwa ya zauna gida kawai, kifin na nan jibi kuma ma yafi ci.

Kaya kuma, kada ya sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, da ya tsaya sai ta koma kamar ƙanƙara. Ulu ko yadin roba a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje, hula, safar hannu biyu don ɗaya dole ta jiƙe. In yana sa dogon wandon roba mai haɗe da takalmi ya ɗaure bel a ƙugu tamau don kada ruwa ya cika shi in ya zame. Tocila biyu, don batir baya jure sanyi, waya a jakar da ruwa baya shiga kuma a aljihun ciki. Filas na abu mai zafi. In ya ga rawar ɗari ta ƙi tsayawa ko yatsu sun kasa ɗaura ƙugiya ko magana ta fara harɗewa, an gama, ya tattara. Ke kuma Hajiya naki aikin, kafin ya fita ya faɗa miki takamaiman wurin da lokacin dawowa, ki riƙe lambar masu ceto na bakin teku, in lokaci ya wuce waya bata shiga kada ki ji kunyar kira. In da hali ya nemi aboki, su biyu sun fi.

Tambaya: Yallaɓai sau uku ina jifa zare na tsinkewa darma ta tafi ita kaɗai kamar harsashi. Zaren ne mara kyau?

Amsa: Allah ya kiyaye bata samu kan wani ba, don darma mai giram 150 in ta kuɓuce tana iya kisa. Ba laifin zaren bane, siririn zare ba zai ɗau fizgar jifa ba. Ana ƙulla wani mai kauri a gaba, tsawon sanda sau biyu da ƙarin naɗi biyar ko shida a kan abin naɗe zaren, shi ke shanye fizgar. Lissafin da aka saba shine fam 10 na ƙarfin zare, wato nauyin da zai iya ɗauka bai tsinke ba, ga kowane oza 1 na darma, kenan darma mai oza 5, kusan giram 150 ɗin nan, tana son zaren gaba mai fam 50 ko 60. Ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi, kuma ka duba ko zaren ya naɗe a kan tsinin sanda kafin kowace jifa, da duhu wannan ke cin mutane. In ruwa na jan darmar tana gangarawa, nemi mai ƙafafun waya da ke kafewa a yashi, in ka ja da ƙarfi su saki.

Tambaya: Abin naɗe zarena ya fara ƙara yana cijewa bayan wata biyu kacal.

Amsa: Gishiri ne. Kowace lita ta ruwan teku akwai kusan giram 35 a ciki, ya bushe a kan ƙarfe sai tsatsa. Duk dawowa ka ɗaure birkinsa, wato abin murɗawar da ke riƙe zare ko ya sake shi, ka ɗauraye da ruwan daɗi a hankali, ba da feshi mai ƙarfi ba don zai tura gishirin ciki, ka goge, ka bar shi ya bushe, ka sassauta birkin kafin ka ajiye, ɗigon mai a hannu da inda zare ke bi. Zoben sanda da ƙugiyoyi ma haka. Kuma daina kwantar da shi a yashi.

Tambaya: Ana buƙatar lasisi?

Amsa: Ya danganta da ƙasa, wani lokaci ma da jiha. A Ingila fatsa da sanda a teku bata buƙatar lasisi amma akwai ƙa'idar girma, kod sai ya kai santimita 35, wayitin 27, bas 42, ƙasa da haka ka mayar da shi. A Amurka yawancin jihohin bakin teku na son lasisi ko rajista, amma a Kalifoniya in kana kan gadar gwamnati ta jama'a ba sai da shi ba, ka sauko kan yashi kuma sai da shi. Dokokin na canzawa shekara shekara har da watannin da ake hana riƙe wani kifi, ka duba shafin hukumar wurin kafin ka fita, ka sa tef ɗin awo a jaka.

Tambaya: Malam na kamo kod na farko a rayuwata, ina fiɗa sai ga 'yar tsutsa a nannaɗe cikin tsokar. Na zubar da shi duka, na yi daidai?

Amsa: Kash, ka yi asara. Wannan tsutsa sananniya ce a kod da danginsa, ba alamar ruɓa bace. Ka ɗaga yankan a gaban fitila zaka hango ta, ka cire da bakin wuƙa, dahuwa sosai har tsakiyar naman ya haura digiri 60 tana kashe wadda ta ɓuya, ɗanye ne kawai ko wanda bai dahu ba ke da haɗari. Nan gaba ka cire kayan ciki tun a bakin ruwa da ka kama shi. Na gaba in ya zo ka auna shi ka turo mana hoto.